Wa ya sa k a farkon knife? Muhawara kan asalin Turanci

Malama Hadiza, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina koyar da Turanci a aji biyar na firamare. Jiya wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, tun da ba a furta k ɗin da ke farkon knife da knee, wa ya sa ta, kuma don me?" Na ce mata haka muka tarar, ta haddace kawai. Ta yi shiru, amma na ga a idonta ba ta gamsu ba, kuma tun jiya abin yake ci mini rai. Ga wata kuma: foot jam'inta feet, amma boot jam'inta boots. Don Allah masana, daga ina harshen nan ya fito, kuma me ya yamutsa shi haka?

Nura, Zariya:
Wa alaikumus salam Malama. Daga Latin ya fito. Rumawa sun ci Birtaniya a shekara ta 43, sun zauna sama da shekara 350. Ai dole su bar harshensu. Har yanzu lauyoyi da likitoci da Latin suke burga.

Issoufou, Maraɗi:
Ɗan'uwa Nura, mu nan a lakwal, wato makaranta, abin da mushe, malaminmu, ya faɗa mana shi ne Turanci Faransanci ne da bakin Ingilishi ya karya. Ni da na zo koyon Turanci da girmana ban sha wuya ba. Government, justice, nation, table, village, duk na san su tun ina yaro, lafazi kawai aka sauya. Ka buɗe ƙamus ka gani.

Malam Lawal, Katsina:
Salamu alaikum. Malama Hadiza, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ki riƙe ta da kyau. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina koyar da harshen nan kafin in yi ritaya, kuma ɗaliban da suka yi mini irin wannan tambaya ba su cika hannu biyu ba.

Nura da Issoufou, kowannenku ya kama wani reshe, amma saiwar tana wani wuri. Lokacin da Rumawa suke Birtaniya babu Turanci a tsibirin sam. Mutanen ƙasar wani harshe suke yi na dangin Celtic, wanda jikansa shi ne harshen Wales na yau. Sojan Rum ya janye wajen shekara ta 410. Bayan haka, cikin ƙarni na 5, wasu ƙabilu suka riƙa tsallako teku daga arewacin Jamus da Denmak: Angles da Saxons da Jutes. Shekarar da aka fi ambata ita ce 449, daga lissafin wani malamin coci mai suna Bede wanda ya gama littafin tarihinsa a 731. Ba rana ɗaya suka zo ba, kwale-kwale bayan kwale-kwale ne, shekara da shekaru. Daga sunan Angles aka sami Englisc, sunan harshen, da Englaland, sunan ƙasar. Akwai wani yanki a arewacin Jamus da har gobe ake kira Angeln.

To harshen waɗannan baƙi shi ne kakan Turanci. Ɗan'uwan Jamusanci ne da harshen Holan, kuma wanda ya fi kusa da shi shi ne Frisian, da ake yi a gaɓar tekun Holan da Jamus. Abin da ya fi taɓa ni a labarin nan, baƙin suka kira 'yan ƙasa wealas, wato bare. Daga nan sunan Wales ya fito. Baƙo ya zo ya tarar da mai gida, ya raɗa masa suna baƙo.

Issoufou, Maraɗi:
Allah ya gafarta Malam, ban ƙi tarihin ba. Amma fiye da rabin kalmomin da ke cikin ƙamus ɗin Turanci daga Faransanci da Latin suke. Wannan ba ni na ƙirƙira ba. In rabin jinin mutum na wani gida ne, yaya za a ce ba ɗan gidan ba ne?

Malam Lawal, Katsina:
Gaskiyarka kan ƙamus, Issoufou. Amma ba a gane asalin harshe da kayan da ke cikin adakarsa, ana gane shi da abin da uwa take faɗa wa ɗanta a tsakar gida. Jera su: mother, father, water, house, bread, hand. Bajamushe yana cewa Mutter, Vater, Wasser, Haus, Brot, Hand. Kai da ka san Faransanci, faɗa mana ko mère da eau da maison da pain da main sun yi kama da su haka. Ƙirga daga ɗaya zuwa goma, I da you da we, eat da drink da sleep, is da was, duk gado ne daga can.

Ka dubi namu. Litinin, Talata, Laraba, Alhamis daga Larabci. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin daga Larabci. Alƙali, alƙalami, littafi, duniya, lahira, hankali. Amma ɗaya, biyu, uku, huɗu namu ne, ruwa da wuta da uwa da ci da sha namu ne, kuma yadda muke ɗinka jimla namu ne. Ba wanda zai ce Hausa Larabci ce da baki ya karya.

Ustaz Kabiru, Kano:
Malam, a nan zan ɗan tsaya ka. Ai na ji masana suna cewa Hausa da Larabci 'yan gida ɗaya ne. To misalinka bai rushe ba?

Malam Lawal, Katsina:
Bai rushe ba Ustaz, sai ma ka ƙara masa ginshiƙi. Zumunci biyu ne tsakaninmu da Larabci. Akwai na aro, wanda ya zo da addini da fatauci, shi ne su alƙali da Laraba. Akwai kuma na jini, mai nisa ƙwarai, dubban shekaru kafin Musulunci. Shi ya sa muke cewa mutu, Balarabe ya ce mata, kuma muke sa ta ga mace, ta tafi, shi ma ya ce taktubu. Haka Turanci da Latin suke. Kakansu ɗaya can da nisa, tare da harshen Girka da Farisanci da Sanskrit na Indiya. Wani alƙalin Ingila a Kalkata, William Jones, ya yi mashahurin jawabi kan wannan a 1786. Latin na cewa pater, Turanci father. Latin piscis, Turanci fish. Duk inda Latin ya riƙe p a irin waɗannan tsofaffin kalmomi, dangin Jamusanci sun mai da ita f. 'Yan'uwan juna ne, ba ɗa da uba ba.

Nura, Zariya:
To Malam, ke nan Rumawa ba su bar komai ba?

Malam Lawal, Katsina:
Sun bari, ƙanena. Street, wall, wine, mile, cheese, tun suna can nahiyar Turai kakannin Ingilishi suka aro su wajen sojoji da 'yan kasuwar Rum. Garuruwan da sunansu ya ƙare da chester ko caster, irin su Manchester da Lancaster, daga castra ne, wato sansanin soja. Amma babban shigar Latin ta zo ne da addinin Kirista. A 597 Augustine, wanda Fafaroma Gregory ya aiko, ya iso Kent, wajen Sarki Ethelbert. Daga nan bishop da monk da school da candle suka shigo, kuma mafi girma, haruffan boko suka shigo.

Kafin nan suna da nasu rubutun, runes, da ake karta a dutse da itace da ƙashi. Da suka ɗauki haruffan Latin sai suka ga akwai sautukansu da babu harafinsu, daidai abin da ya same mu har aka yi wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasa, daidai kuma yadda malaman ajami suka ƙara ɗigo don sautukan da Larabci ba shi da su. Su sai suka ɗauko þ daga tsohon rubutunsu don sautin th, da ƿ don sautin w, suka ƙara ð da æ. Sunayen ranakunsu kuwa coci bai iya kankare su ba. Tuesday, Wednesday, Thursday, Friday, sunayen gumakansu ne: Tiw, Woden, Thunor, Frig.

Akwai labarin da nake so. Bede ya ba da shi. Wani mai kiwon dabbobi a Whitby, Caedmon, ba ya iya waƙa. In an zauna biki ana zagayawa da garaya, da ya ga ta kusa zuwa kansa sai ya sulale ya koma garke. Wata rana ya yi mafarki an ce ya yi waƙar farkon halitta, ya farka da baituka a bakinsa. Layi tara ne, an yi su tsakanin 657 da 680, kuma suna cikin mafi tsufan waƙar Turanci da ta iso mana. Makiyayi ne, ba ɗan sarki ba.

Ustaz Kabiru, Kano:
Tun da an shigo zamanin sarakunan nan, ina da abin da ya daɗe yana yawo a wayoyinmu. Hoton wani dinari na Sarki Offa na Ingila, da kalmar shahada a jiki da Larabci. Ana cewa ya musulunta aka ɓoye. Mene ne gaskiyarsa?

Aisha, Bayero Kano, ɗalibar nazarin harshe:
Ustaz, dinarin gaskiya ne, yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Offa ya yi sarautar Mercia, ɗaya daga masarautun Ingila na lokacin, daga 757 zuwa 796. Amma kwaikwayon dinarin Halifa Mansur na Abbasiyawa ne, har shekarar hijira ta 157 aka kwafa. Kuma sunansa, OFFA REX, a kife yake idan ka daidaita Larabcin, ga kurakurai a rubutun, alamar maƙerin bai san abin da yake kwafa ba. Dinarin Musulmi shi ne kuɗin da 'yan kasuwa suka yarda da shi a tekun Bahar Rum a lokacin. Offa kansa ya yi ta gina coci yana mu'amala da Fafaroma. Abin da dinarin ke nunawa shi ne nisan da darajar kuɗin Musulmi ta kai. Kalmomin Larabci irin su sugar da cotton da algebra sun shiga Turanci ne daga baya sosai, ta hannun Italiya da Sifen da Faransa.

Ustaz Kabiru, Kano:
Na gode 'yata. Gara da na tambaya kafin in ƙara tura wa wani.

Hajiya Rabi, York:
Sallama gare ku. Ina karantawa ina murmushi, don ni a tsakiyar abin nake zaune. Shekarata goma sha ɗaya a nan ina aikin jinya. Da na zo, na ga tituna Coppergate, Micklegate, Stonegate, na yi ta neman ƙofofi ban gani ba. Sai wata tsohuwa da nake duba ta ce mini gate a nan titi ne, kalmar Vikings ce, ƙofar gari kuwa bar suke ce mata. Ƙorama su ce beck. Garuruwan da ke kewaye da mu kuma Selby, Whitby, Grimsby, Wetherby, ta ce by ɗin nan ƙauye ne ko gona a harshensu. Malam Lawal, ba ka kawo mu kansu ba.

Malam Lawal, Katsina:
Hajiya, ai kin riga ni, kuma gani ya kori ji. Maharan teku ne daga Denmak da Nowe. A 793 suka afka wa gidan ibada na Lindisfarne. A 865 suka zo da runduna ba don ganima kaɗai ba, don zama. Suka ci masarautu ɗaya bayan ɗaya, saura Wessex. Sarkinta Alfred ya ci su da yaƙi a Edington a 878, aka raba ƙasa, arewa da gabas suka zama nasu. York ɗinki ita ce babban birninsu.

Nan fa aka yi zaman cuɗanya, aka yi auratayya. Kuma aron da aka yi a nan ya shiga har ɗaki: sky, egg, skin, take, law, husband, window, wadda asalinta idon iska. Har they da them da their nasu ne. Ku yi tunani, a ce Hausa ta yar da su ta aro ta wani harshe. Shirt da skirt kalma ɗaya ce tun asali, ta farko ta Ingilishi, ta biyu ta baƙin. Malama Hadiza, knife ɗin ɗalibarki ma ana danganta ta da su, knifr, kuma da k ɗinta ake furtawa.

Tsohon Turanci yana da jinsi kamar Hausa, har uku. Rana mace ce, wata namiji, daidai namu. Kalma tana sauya wutsiya gwargwadon aikinta a jimla. Ni a ganina zama da Vikings ne ya zubar da wannan. Harsunan biyu sun yi kusa, tushen kalma ɗaya, wutsiya daban, to a kasuwa sai kowa ya yar da wutsiyar don a fahimci juna.

Alhaji Tanko, Kumasi:
Malam, wannan magana ta shige ni. Mu nan zango, Hausarmu da yawa ba ma raba mace da namiji. Za ka ji an ce yarinya ya zo, mata na ya tafi kasuwa. In mun je Kano ana yi mana dariya. Amma zango ya tara Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Yarabawa da Fulani, Hausa ce ta haɗa mu, kowa ya ɗauki abin da zai iya. Ashe abin da ya sami Bature ke nan. Zama da maɗaukin kanwa.

Aisha, Bayero Kano, ɗalibar nazarin harshe:
Baba Lawal, a gafarce ni, ina da ja a nan. Misalin Alhaji yana da kyau, amma ba zan ɗora wa Vikings duka kayan ba. Tun kafin su zo, Turanci yana danna gaɓar farko ta kalma da ƙarfi, ƙarshenta kuma ya raunana. Wutsiyoyin a da e da u suka riƙa narkewa suna zama sauti ɗaya. In kunne ba ya bambanta su, dole su faɗi ko da baƙo ko babu. Harshen Holan da na Denmak ma sun zubar da yawancin nasu, ba wanda ya mamaye su irin haka.

Malam Lawal, Katsina:
Ja mai kyau, 'yata. Amma amsa mini wannan: me ya sa zubewar ta fara bayyana a rubuce-rubucen arewa, inda baƙin suka zauna, kudu kuma ta riƙe tsohon tsari har wani lokaci mai tsawo?

Aisha, Bayero Kano, ɗalibar nazarin harshe:
Na yarda sun ƙara wa abin gudu, Baba. Ban yarda su suka kunna shi ba. Bango ya riga ya tsage kafin ƙadangare ya shiga. Kuma kudu tana da dalilinta: Alfred ya sa an fassara littattafai daga Latin, aka fara rubuta tarihin ƙasa da Turanci a zamaninsa, karin harshen Wessex ya zama na rubutu. Marubuci yana riƙe tsohon ƙa'ida ko da bakinsa ya bar ta.

Malam Lawal, Katsina:
To mu bar shi a nan, kin riƙe rabi na riƙe rabi. Masana ma ba su gama da shi ba.

Issoufou, Maraɗi:
An yi ta zagaye ana kauce wa 1066. Malam, a zo wurin.

Malam Lawal, Katsina:
Ga mu, ranarka ta zo. Ran 14 ga Oktoba 1066 William na Normandi ya ci Sarki Harold na Ingila da yaƙi a Hastings, aka kashe Harold. Normawan nan jikokin Vikings ne da aka ba ƙasa a arewacin Faransa a 911, suka koma yin Faransanci. William ya raba ƙasa ga mutanensa, manyan coci ma aka sauya su. Daga nan fada da kotu Faransanci, coci da ilimi Latin, Turanci ya koma bakin manoma da barori. Court, judge, prison, tax, army, parliament, duk kalmomin mai mulki. Dabba tana garke sunanta cow, sheep, swine, a bakin mai kiwo. In ta hau teburin mai gida ta zama beef, mutton, pork. Marubutan Normawa kuma suka taɓa rubutun: cwen ta zama queen.

Sai da aka yi kusan shekara 300 a haka. A 1204 Sarki John ya rasa Normandi, manyan Ingila suka fara yanke cibiya da can. Annobar 1348 ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, leburan da ya rage ya yi tsada, harshensa ma ya yi daraja. A 1362 aka yi dokar a riƙa shari'a da Turanci, kuma dokar kanta da Faransanci aka rubuta ta. Henry na huɗu da ya hau a 1399 shi ake ɗauka sarki na farko tun 1066 da Turanci ne harshen da ya sha a nono.

Nura, Zariya:
Wannan ya kwantar mini da hankali. In Turanci ya yi shekara 300 a ƙarƙashin wani harshe ya fito, to Hausa ma ba abin da Turanci zai yi mata.

Aisha, Bayero Kano, ɗalibar nazarin harshe:
Yaya Nura, kar ka yi saurin kwanciya. Ka dubi yadda ya fito. Waƙar Beowulf ta tsohon Turanci, layi 3182, kwafi ɗaya tak ya rage, shi ma ya sha wuta a gobarar 1731. Baturen Landan na yau ba zai karanta layi biyu ba sai an fassara masa. Kuma a tsibirin nan dai harshen yankin Cornwall, na dangin Celtic, ya daina zama harshen gida wajen ƙarshen ƙarni na 18, Turanci ne ya haɗiye shi. Turanci ya tsira ne don iyaye mata ba su daina yi wa 'ya'yansu shi ba, har 'ya'yan Normawan suka tashi da shi. Ni abin da ke tsorata ni gidajen da na sani a Abuja da Kaduna, uwa da uba Hausawa, yaro ba ya iya gaida kakarsa.

Malama Hadiza, Gusau:
Allah ya saka wa kowa. Amma Malam, gobe da safe zan tsaya gaban yarinyar nan. Me zan ce mata kan k, da kuma feet?

Malam Lawal, Katsina:
Ki ce mata da ana furta ta. Knee da knife da knight duk da k a baki, kamar yadda Bajamushe yake cewa Knie har yau. Gh ɗin night da light ma sauti ne daga maƙogwaro, kusa da kha ta Larabci. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, rubutu ya fara daskarewa, baki kuwa ya ci gaba da tafiya. Wajen ƙarni na 17 k ɗin ta faɗi daga baki, ta zauna a takarda. Shi Caxton ya ba da labari a 1490 na wani ɗan kasuwa da ya nemi egges wajen wata mata a Kent, ta ce ba ta jin Faransanci, sai da wani ya ce eyren ta gane ƙwai yake so. Egges ta arewa ce, ta Vikings, ita ta ci.

Feet kuwa, can da jam'in yana da i a ƙarshe. Wannan i ta jawo wasalin tsakiya zuwa wajenta, sannan ta faɗi ta bar tabo. Haka tooth da teeth, goose da geese, mouse da mice. Har book ma jam'inta bec ne da, daga baya ta bi ayarin masu s. Boot kuwa daga Faransanci ta shigo bayan an daɗe da gama wancan sauyi, shi ya sa ta ɗauki s kai tsaye.

Issoufou, Maraɗi:
Boot tamu ce ke nan. Malam, ka rubuta wannan a gefena. Ban sauka daga maganata duka ba, ƙamus yana nan.

Malama Hadiza, Gusau:
Zan sa ta fito gaban allo ta rubuta knight, in ce ta furta kowane harafi yadda kakannin Ingilishi suka yi, sauran su maimaita. Malam, in ba damuwa ka turo mini muryarka yau da dare kana furta ta, don in ji yadda gh ɗin take fita kafin in shiga aji.

Malam Lawal, Katsina:
Bayan sallar isha'i in sha Allah. Zan haɗa miki da night da knee. Ki gaida mini ita, ki tambaye ta kuma ko ta lura da w ɗin da ke farkon write.